Kwas ɗin wata uku kan farfaɗo da ƙasar da ta lalace: yana kai mutum ga aiki kuwa?

Sabon-Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gyaran ƙasar da ta lalace, ko dashen itatuwa, ko duk wani aiki na farfaɗo da daji da dausayi.

Na gama sakandare, ban samu damar ci gaba ba, kuma zaman jira ya ishe ni. Na ga tallar wani kwas na wata uku da wata cibiya ke bayarwa. Abubuwan da suka jera su ne tattara iri, renon dashe, tare zaizayar ƙasa, kawar da baƙin tsirrai masu mamaye wuri, aiki da na'urar GPS mai nuna lambar wuri a taswira, sai taimakon gaggawa. Sun ce akwai satifiket a ƙarshe, wai kuma a ko'ina cikin duniya ana neman irin waɗannan ma'aikata. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na ja baya kaɗan, don duk mai tallar kwas haka yake cewa.

Aikin ƙarfi ba ya ba ni tsoro, na ma fi son fili da zaman ofis. Sai dai kimiyyar da na sani ba ta wuce ta aji ba, itatuwan da zan iya kiran sunansu ma ba su taka kara sun karya ba. Yayana cewa yake yi wannan aikin leburanci ne kawai aka canja masa suna, wai wa ya taɓa neman takarda kafin ya haƙa rami? Ni a raina ina jin akwai abin da ya wuce haƙa rami a ciki, amma na kasa ba shi amsa.

To wata uku suna isa a ɗauki mutum aiki? Me masu ɗaukar ma'aikata suke dubawa? Kuma me zan tambayi masu kwas ɗin kafin in ba da kuɗina? Na gode.

Dattijon-Fili ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina jagorantar ma'aikata a fili, kuma idan zango ya ƙare ni ake tambaya wa za a sake kira. Bari in gaya maka abin da idona ke dubawa.

Yayanka ya faɗi rabin gaskiya. Rami kam za ka haƙa shi har hannunka ya yi kanta. Idan aka ce a dasa da tazarar mita 3 ta kowane gefe, hekta guda rami 1,111 ke nan, kuma a yawancin wurare diga da shebur ne, ba inji ba. Inda ya kauce shi ne, haƙa ramin da saka dashen su ne mafi sauƙi a duk aikin, kuma ba don su ake riƙe ma'aikaci ba. Ana riƙe shi ne idan abin da ya dasa yana rayuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya haɗa bayanan wurare 176 a yankunan Asiya masu zafi inda aka yi dashe don maido da daji. Kashi 18 cikin ɗari na itatuwan sun mutu a shekarar farko, bayan shekara biyar kuwa waɗanda suka mutu sun kai kashi 44. A Siri Lanka, bayan ambaliyar tsunami ta 2004, an bazama dashen itatuwan mangurob a bakin teku. Da aka koma dubawa, cikin wurare 23, tara ba a samu ko ɗaya a raye ba, uku ne kawai fiye da rabi suka rayu. Masu ƙarfi ba su yi ƙaranci a wurin ba. An dasa ne a inda cikar teku da janyewarta ba su dace da itacen ba, kuma bayan an dasa ba a koma an kula ba.

Saboda haka amsata ga tambayarka ta farko: wata uku a cikin aji ba su isa komai ba. Wata uku da yawancinsu a fili ne suna isa in ɗauke ka a matsayin sabon hannu, in kuma san ba za ka yi mini ɓarna ba. Ba za su mai da kai gwani ba, kuma duk wanda ya ce za su yi, kuɗinka yake so.

Abu na farko da nake gwada sabon ma'aikaci da shi shi ne sanin tsirrai. Ba ina nufin sanin babban itace da kowa ke gani daga nesa ba. Ina nufin ka gane shi tun yana ɗan tsiro mai ganye huɗu a cikin ciyawa. Idan na tura mutum goma su share baƙin tsirrai da adda, ɗaya daga ciki bai iya bambanta tsiron asalin wurin da na mamaya ba, kafin la'asar ya sare abin da ƙasa ta yi shekara biyu tana fitarwa. Wannan ɓarna ba ta da hoto, ba ta shiga rahoto, amma ita ce ta fi yi mini ciwo. Idan ka fito daga kwas ɗin kana gane iri talatin ko arba'in na yankin da za ka yi aiki, da ganyensu da ɓawonsu da lokacin da 'ya'yansu ke nuna, ka riga ka wuce yawancin waɗanda ke zuwa mini da takardu masu tambari.

Kuma sanin tsirrai ba ƙaramin abu ba ne a tarihin wannan aiki. A yankin Maraɗi na Nijar, a farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. Daga baya ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki, waɗanda ake sarewa duk shekara, toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake yi kawai shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Manoman ƙasar ne suka ɗauki abin suka yaɗa shi a tsakaninsu, har aka ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da ledar renon dashe ko butar ban ruwa ba. Kayan aikin wuƙa ce, sai idon da ya san gawo daga abin da ba gawo ba. Idan kwas ɗinku bai ambaci wannan hanya ba, dashe kawai ya sani, to ilminsa ya tsufa.

Ga kuma ɗaya gefen. Akwai wani itace mai ƙaya, Prosopis juliflora, da aka ɗauko daga nahiyar Amurka aka dasa a busassun yankunan Afirka da kyakkyawar niyya, don tare hamada da samar da itacen wuta. Yau ka tambayi makiyayan Baringo a Kenya ko na Afar a Habasha, ya cinye musu makiyaya, ya toshe hanyar zuwa ruwa, kuma ana kashe kuɗi ana tumɓuke shi. Mai aikin farfaɗo da ƙasa yana kwashe kwanaki da yawa yana cire abin da wani ya dasa jiya. Ka shirya wa wannan. Wasu suna shigowa da tunanin kullum dashe za su yi, sai su tarar rabin zangon sara ne da tono saiwa da shafa maganin ciyawa a kan kututture, wanda in ba a shafa shi nan take bayan an sare ba, itacen sake tohowa yake yi.

Abu na biyu, rubutu. Wannan ne ke raba wanda zai dawwama a kan diga da wanda za a ba wa mutum biyar ya jagoranta. Masu ba da kuɗin irin waɗannan ayyuka yanzu ba sa yarda da "mun dasa dubu kaza". So suke su ga nawa ne a raye bayan wata shida, bayan shekara, a ina, wane iri ne ya fi mutuwa. Wanda zai iya kafa ɗan fili na gwaji, ya ƙirga masu rai da matattu ba tare da ƙari ba, ya ɗauki lambar wurin a GPS, ya tsaya a wuri guda duk zango ya ɗauki hoto ta fuska guda, ya cike fom a waya da manhaja irin KoboToolbox, wannan ba na sakin sa. Na ce ba tare da ƙari ba, domin akwai masu ganin idan sun rubuta cewa rabi sun mutu laifinsu za a gani. Ni lambar ƙarya ce ke sa in sallami mutum, ba mutuwar dashe ba.

Na uku, kiyaye lafiya, kuma ba zan tsawaita ba. Zafin rana, maciji, adda a hannun na kusa da kai, feshi a ranar iska. Taimakon gaggawar da suka jera kada ka raina shi.

Game da abin da za ka tambaye su: ka ce su gaya maka kwana nawa ne a fili, kwana nawa a aji, da lamba, ba "akwai fita" ba. Ka tambayi wanda zai koyar, yaushe rabonsa da aikin fili. Sannan ka roƙi su kai ka wurin da suka gyara shekara uku da suka wuce. Gani ya kori ji. Wurin da aka dasa makon jiya kowa zai iya nuna maka shi kore shar. Na shekara uku shi ke faɗin gaskiyar malamin. Ka kuma tambayi a waɗanne watanni za a yi kwas ɗin, don aikin nan lokaci yake bi. Iri yana da lokacin nuna, reno yana farawa watanni kafin ruwa, aikin ƙasa da rani ake yi, dashe sai ruwa ya zauna, bayansa noman ciyawa da shinge da share hanyar tare gobara. Babu wata ukun da za su haɗa duka. Ka san wane yanki za ka samu, wane kuma za ka nema da kanka daga baya.

Ba-Rufa-Rufa ya amsa:

Malam Dattijo ya yi maganar gwaninta, ni kuma bari in yi maganar aljihu, don yaron nan aiki ya ce yana nema.

Maganar "ana nema a ko'ina" tana da tushe, ba ƙarya ce zalla ba. A 2011 aka ƙaddamar da shirin Bonn a Jamus, wanda daga baya aka ɗaga burinsa zuwa farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na farfaɗo da muhalli. A taron Montreal na 2022 ƙasashe sun amince a sa kashi 30 cikin ɗari na wuraren da suka lalace cikin gyara kafin 2030. Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 kan kashi 20 na ƙasarta da tekunta. Duk gaskiya ne. Amma an ce alkawari kaya ne, su kuwa gwamnatoci ba sa jin nauyinsa. Dubi Babbar Koriyar Ganuwa, shirin gyaran ƙasa a yankin Sahel da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007: burinta hekta miliyan 100 da ayyukan yi miliyan 10 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna hekta kusan miliyan 4 aka gyara a yankin da aka shata, ayyukan yi kuwa kimanin 350,000. Ka auna tazarar da kanka.

Su ma ayyukan da ake samu, yawancinsu na zango ne. Kuɗin yana zuwa ne a kan shiri na shekara uku ko biyar, ƙungiya ta ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ɗauki mutane lokacin da yake bukata, ya sallame su idan ya gama. Ba sabon abu ba ne. A Amurka, rundunar matasan da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933 ta ɗauki samari kusan miliyan 3, sun dasa itatuwa wajen biliyan 3, amma wata shida-shida ake sa hannu, kuma a 1942 aka rufe ta da yaƙi ya zo. A Afirka ta Kudu akwai shirin cire baƙin itatuwa masu shanye ruwa da aka fara a 1995, ya ba dubban mutane aiki, amma shi ma kwangila ce gajera. Na yi irin wannan aikin, na san yadda ake ji idan zango ya ƙare aka ce "za mu kira ka".

Satifiket ɗin kuma kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Takardar ƙwarewa da aka sani a duniya a wannan fanni ita ce ta SER, ƙungiyar masana farfaɗo da muhalli, wadda aka kafa a 1988, kuma tana bukatar karatun jami'a a fannin da shekara biyar na aiki. Ta wata uku shaida ce kawai cewa ka halarta.

Shawarata: kada ka ci bashi don wannan kwas. Idan kana da kuɗin, to. Idan babu, ka nemi inda ake aikin ka ba da kanka na sa-kai na ɗan lokaci, darussan karatu kuma akwai na kyauta a intanet, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ma tana da su. Sannan ka nemi takardun da ke bin ka duk inda ka je: lasin tuƙi, shaidar iya feshi, shaidar aiki da injin yankan itace a inda doka ta tanada. Ranar da shirin dashe ya ƙare, waɗannan za su samar maka aiki a gona ko gandun daji ko kamfanin gyaran hanya.

Uwar-Reno ta amsa:

Sannunku. Ɗana, duk su biyun mazan fili ne, shi ya sa ba wanda ya tsaya a kan reno. Ni a wurin renon dashe nake, kuma ina ganin nan ce ƙofar da ta fi dacewa da sabon shiga. Masu dashe suna zuwa su tafi tare da damina. Mu kuwa aikinmu ba ya yankewa: tara iri, shanya shi, haɗa ƙasa da yashi da taki, cika leda, shuka, ban ruwa, cire ciyawa, jera su, sake jera su.

Idan kwas ɗin ya iya koyar da iri yadda ya kamata, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Akwai ƙa'idar da manyan rumbunan ajiyar iri suke bi, irin na Kew a Ingila: a tara daga itatuwa akalla 50 da ke warwatse, kuma kada a kwashe fiye da kashi 20 cikin ɗari na irin da ya nuna a ranar. Na farkon don kada dajin da za ka tayar ya zama 'ya'yan uwa ɗaya, cuta guda ta kwashe su. Na biyun don ka bar wa ƙasa da tsuntsaye rabonsu. Ragon mai tara iri itace guda yake samu a bakin hanya ya cika buhu, ba kuma wanda zai gane sai bayan shekaru.

Sannan kowane iri da halinsa. Dangin bagaruwa ɓawonsu tauri ne da shi, ruwa ba ya shiga, in ka shuka haka nan sai ka yi ta jira. Wasu ana zuba musu tafasasshen ruwa da aka sauke daga wuta, su kwana a ciki, da safe a shuka waɗanda suka kumbura. Wasu ana ɗan ƙwarzane ɓawon a gefen da ba idon tsiro ba. Dogon yaro kuwa akasin haka ne, irinsa ba ya jure ajiya, 'yan makonni kaɗan ya mutu, dole a shuka shi da ɗanyensa. Wannan ba a koyonsa a allo, sai ka jiƙa da hannunka ka ga wanda ya fito.

Mutuwar da Malam Dattijo ya ambata, da yawanta daga wurinmu take farawa, gaskiya ɗaya ce. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa nannaɗewa take yi a gindi. Daga sama kyakkyawa ne, an dasa shi, ya yi shekara biyu ko uku, iska ta zo ta kayar da shi ko ya tsaya cak ba ya girma. Wani kuma saiwar ta huda leda ta shiga ƙasa, ranar ɗauka a fizge shi a tsinke ta. Shi ya sa muke ɗaga ledojin lokaci-lokaci muna datse abin da ya leƙo. Kuma makonni kafin a kai su fili muna rage musu inuwa da ruwa sannu a hankali don su saba da wahala. Dashen da aka shagwaɓa har ranar tafiya, rana ɗaya ta fili ta ishe shi. A wurin dasawa kuma a cire ledar, kada a binne wuyansa fiye da yadda yake a ciki. Za ka yi mamakin yawan waɗanda ake binnewa da ledarsu.

Malam Ba-Rufa-Rufa ya yi gaskiya a kan aikin zango, amma ban yarda da shi duka ba a kan sa-kai. Wanda ya je sa-kai bai san komai ba, baro ake miƙa masa, ya yi wata uku yana tura ƙasa, ba wanda ke da lokacin yi masa bayani. Wanda ya zo ya riga ya san dalilin abin da ake yi, shi ake jawowa kusa. Kuma reno sana'a ce da mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa a kanta, in yana da ruwa da ɗan fili. Sharaɗi ɗaya: kada ka rena dubbai kafin ka san wanda zai saya da irin da yake so. Itatuwan asalin wuri su ne masu shirye-shiryen ke nema su rasa, don kowa abin da ke saurin girma yake renawa.

Sabon-Shiga ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba Dattijo, Yaya, da Mama. Na je na yi musu tambayoyin. Sun ce sati huɗu ne a aji, sauran a fili da wurin reno. Amma da rani za a yi, don haka babu dashe ko kaɗan. Sun yarda su kai ni wani fili da suka yi aiki a kai shekarun baya. Da na ce su haɗa ni da waɗanda suka gama a baya, sai suka ce ba sa ba da lambar ɗalibai. Rashin dashen nan bai kashe amfanin kwas ɗin ba kuwa?

Dattijon-Fili ya sake amsawa:

Bai kashe ba, ƙanena. In da za a ba ni zaɓi ma, na rani zan tura ka. Dasawa a yini biyu za ka koya a gefen wanda ya iya. Abin da ke da wuyar koyo da rani ake yin sa.

A busasshiyar ƙasa, ciwon ba rashin itace ba ne da farko, ruwa ne da ke sauka ya gudu bai shiga ba. Fako ya yi tauri, ruwan sama ya zame a kansa ya kwashe ɗan abin da ya rage. Aikin rani shi ne tsayar da wannan ruwa. Za su koya maka fitar da layin da ke bin gangara a tsayi guda, da sanduna uku da aka ɗaure kamar harafin A da igiya da dutse a rataye, ko da siririn tiyo mai ruwa a ciki. A kan layin ake jera duwatsu, ko a haƙa ramukan rabin wata, bakinsu na kallon inda ruwa ke gangarowa, a saɓa su layi-layi yadda abin da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Hekta guda tana cin wajen 300. Idan layin ya karkace, ruwa ya taru a gefe ɗaya ya fasa kunyar ƙasar da aka tayar don tare shi, ka haƙa sabon kwazazzabo da hannunka. Wanda ya iya fitar da layi daidai shi ke gaba, masu diga suna binsa a baya. Ka gaya wa yayanka wannan.

Akwai kuma ƙananan ramukan shuka da ake kira "zai", da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya inganta: ya faɗaɗa su, ya zuba taki a ciki tun da rani, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Manomi ne da bai yi karatun boko ba, ya mai da fako daji, kuma a 2018 shi da Rinaudo duk sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood. Ka lura ko malaminku zai sa ku haƙa da kanku ko hoto zai nuna muku.

Idan kun je tsohon filin, kada ka tsaya inda suka tsayar da mota. Ka taka zuwa ƙarshensa, nesa da hanya. Ka duba ko akwai ƙananan tsirrai da suka fito da kansu a tsakanin waɗanda aka dasa, don wannan ne alamar ƙasa ta fara warkewa. Ka duba shinge, ka duba kashin dabbobi da alamar wuta. Ka tambaya wa ke da filin, kuma me aka yi da masu kiwo da masu itacen wuta da ke amfani da shi a da. Idan amsar ita ce an kore su kawai, filin ba zai daɗe ba, kuma yin magana da irin waɗannan mutane yana cikin aikin da za ka yi, ko an rubuta shi a takardar kwas ko ba a rubuta ba.

Maganar lambar ɗalibai, suna da hujja, ba daidai ba ne su raba lambar mutane. Ka bar musu taka, ka ce su ba mutum biyu da suka gama su kira ka. Ka kuma tambaye su sunan ƙungiya ko ɗan kwangilar da ya taɓa ɗaukar ɗalibansu, ka je can ka ji da kunnenka. Idan duka biyun sun gagara, ka bi shawarar Ba-Rufa-Rufa ka riƙe kuɗinka.

In ka shiga, ka sayi littafi mai kauri tun ranar farko. Duk tsiron da aka nuna maka ka rubuta sunansa da inda ka gan shi, ka matse ganyensa a ciki. Duk irin da ka jiƙa ka rubuta nawa ka shuka, nawa suka fito, a kwana nawa. Kafin kwas ɗin ya ƙare ka nemi wanda zai yi dashe da damina ka ce ya sa sunanka, don a lokacin ake neman hannu, kuma da littafin za ka je, ka ajiye shi a gabansa tare da satifiket ɗin.